Ranar da Alhaji Harisu Ya Shiga Rufewa

A Tsamiyar Kabo, wani ɗan ƙauye da ke bayan Sandamu, in ana maganar gidan da bai san yunwa ba, to gidan marigayi Ɗantsoho ake nufi. Ba don gonarsu ta fi ta kowa ba. Rufewarsu ce ta ja musu wannan suna, wani ƙaton rumbun ƙasa mai ciki kamar tulu, wanda Ɗantsoho ya gina da hannunsa a tsakar gida, ya ɗora shi kan duwatsu, ya bar masa baki ɗaya tak a can sama da ake kifa wa 'yar jinka. Mutanen gari sun haƙiƙance cewa tunda aka gina rufewar nan ba a taɓa ganin gindinta ba.

Kalilu, babban ɗan Ɗantsoho kuma mai gidan a yanzu, ya ga gindinta. Ya gan shi tun kafin ruwan farko ya sauka a daminar da ta biyo bayan babban fari, kuma kullum sai ya ƙara ganinsa, har ya haddace kowane tsagi da ke jikinsa. Lokacin farin, duk maƙwabcin da ya yi sallama da ƙwarya ɓoye a cikin riga, Kalilu bai iya ce masa babu ba, don a ganinsa ɗan Ɗantsoho ba ya furta wannan kalma. Haka aka yi ta ɗiba har tsaba ta ƙare.

Al'ada ce ta rufa masa asiri. A garinsu mace ba ta leƙa rufewar mai gida, ko uwar da ta haife shi ce. Mai gida kaɗai ya san abin da ke ciki, in kuma za a ɗebo hatsi sai ya zura ƙaramin yaron da bai san awo ba. Kalilu ya sallami yaran ma daga wannan aiki, ya ce 'ya'yan zamani ɓarna gare su. Da kansa yake shiga, tunda Allah ya yi shi siriri kamar karan dawa. Ran kasuwa sai ya ja akuya, ya ce zai kai ta kiwo wurin Fulani, ya dawo da gero a ƙasan mangala an lulluɓe da harawa. In rana ta take, gida ya yi tsit, ya lallaɓa ya hau ya zuba. Da safe kuma ya hau a gaban kowa, ya yi gyaran murya, ya ɗebo wa matarsa Kubura abin da ya zuba jiya, yana faɗa wai a rage almubazzaranci. Yanzu awakin gidan duk sun tafi kiwo wurin Fulani, saura wata gurguwa da ɗanta, ga shi gero a gona bai ko fitar da kai ba.

Abin takaicin, yana da ƙane mai hali. Harisu, autan mahaifiyarsu Iya, ya bar ƙauye tun yana saurayi, ya yi ta sayar da kananzir a Daura. Da kuɗin mai suka ɓarke, gwamnati ta shiga gina azuzuwan makaranta a kowane lungu, sai ga Harisu ya zama ɗan kwangila. Ya je Makka, ya dawo da haƙorin zinariya, ya ajiye tumbi. Kalma ɗaya daga bakin Kalilu ta isa a cika rufewar. Amma Kalilu ya gwammace ya haɗiye harshensa da ya miƙa hannu ga yaron da ya sha share wa majina. Duk sanda aka aiko tambayar lafiyar gida, amsarsa ɗaya ce, sai godiya.

Ran wata Asabar da hantsi, sai ga ƙarar mota a ƙofar gida. Fijo ce a-kori-kura, fara sol, ko ledar kujera ba a cire ba. Alhaji Harisu ya fito yana baza babbar riga, tare da abokinsa Badaru, wani ma'aikacin ofis haifaffen cikin birnin Daura, wanda bai san bambancin gero da maiwa ba sai a cikin kwano. Kafin su gama gaisawa da Iya, rabin garin ya taru, wai an zo yi wa Alhaji barka da zuwa, alhali kowa idonsa na kan motar.

Aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, Kubura ta kawo fura. Kalilu yana kallon kowane ludayi da ke tafiya bakin Alhaji, yana jin kamar ƙafar akuyarsa ake gutsura. Alhaji kuwa ya sha, ya yi gyatsa, ya lumshe ido, sai tsohon ciwonsa ya tashi, wato labarin ƙuruciya.

"Badaru, ka ga nan? Nan ne duniya. Ku 'yan birni an cuce ku wallahi. Ka taɓa cin tumu da zafinsa, an gasa a bakin gona, kana murzawa kana hurawa? Ka taɓa shan takanɗa har leɓenka ya tsage? In ruwa ya sauka, mu yi tsalle mu faɗa kududdufi, mu fito mu bi fara. Ga ƙamshin ƙasa! Ni fa da ka gan ni, da fartanya a hannu aka yaye ni. Yaya, gaya masa irin noman da nake yi."

"Ka yi noma," in ji Kalilu.

Bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi sauran ba. Harisun da ya sani, da an ce gobe za a fara noman fari sai ciwon ciki ya kama shi, ba ya sakinsa sai an hango masu kawo fura. Gayaunar da Baba ya yanka masa, ciyawa ta cinye ta har zomo ya haihu a ciki. Jakin da yake cewa yana sukuwa a kansa ba linzami, shi ne ya watsar da shi cikin ƙaya, Kalilu ya wuni yana cire masa da allura. Duk da haka, da ya ji ƙanen nasa yana lissafa waɗannan abubuwa da murya mai daɗi, sai ya ji shi ma yana kewar wannan ƙauyen, ko da yake bai taɓa zama a cikinsa ba.

"Amma duk ba wannan ba," in ji Alhaji, ya juya ya nuna da ludayi. "Ka ga waccan? Ita ce ɗakina na gaskiya. Ni Baba ke zurawa ciki. Ya ɗaura min igiya a ƙugu, ya yi ta sassautawa, ina tafiya ƙasa, ina tafiya ƙasa, ga sanyi, ga duhu, ga ƙamshin gero. In na yi magana sai rufewar ta amsa min. Baba ya leƙo ya ce, Auta, yaya ciki? Ya koya min in ɗaga murya yadda Iya za ta ji daga madafa, in ce a cike take, Baba! In na fito ya ba ni ƙuli-ƙuli. Kai, Allah ya jiƙan Baba."

Aka amsa da amin. Kalilu ya amsa shi ma, yana addu'ar Allah ya sa labarin ya tsaya nan. Bai tsaya ba. Alhaji ya miƙe, ya fara tuɓe babbar riga.

"Yau sai na shiga."

Kalilu ya yi wuf ya sha gabansa. Ya ce, "Alhaji, ai girma ya kama ka. Me mutane za su ce?"

"Su ce ɗan Ɗantsoho ya dawo gida."

"Akwai kunama a ciki."

"Kunamar gidanmu ta san ni."

"Tsanin ya ruɓe."

"Da safen nan ka hau shi, Malam," in ji Kubura, da zuciya ɗaya.

Kalilu ya yi mata wani kallo da ba ta gane dalilinsa ba. Ya juya wajen Iya ko za ta tsawatar, amma tsohuwar tana ƙofar ɗakinta tana kaɗi, ta ce kawai a bar yaro ya yi wasansa. Yaron nan kuwa ya ba arba'in baya.

Haka Alhaji Harisu ya kama tsani daga shi sai singileti da wando, tsanin yana kuka, jama'a na yi masa kirari. Kalilu ya jingina wani tsanin a ɗaya gefen ya bi shi, bakinsa na motsi, duk addu'ar da ya sani ta tsari ya karanto. Alhaji ya ɗage jinkar, ya zauna a baki, ya zura ƙafafu. Ya ɗaga wa Badaru hannu kamar mai shiga jirgi, ya saki jiki. A lissafinsa, rufewar gidansu in an zura ƙafa kamu ɗaya za a taka gero. Cinyoyi suka wuce, ƙugu ya wuce da ƙyar, da aka zo tumbi sai magana ta tsaya. Ya toshe bakin rufewar tsaf, ko iska ba ta wucewa.

Dariya ta ɓarke a tsakar gida. Alhaji ma ya yi, haƙorin Makka na walƙiya. Kalilu ne kaɗai bai yi ba, don yana kusa, yana jin ƙafafun ƙanensa suna wutsil-wutsil a ciki, suna neman abin takawa. Ya ga lokacin da dariyar ta fara janyewa daga fuskar Alhaji. Ya ga ya miƙa ƙafa iya tsawonta, ya karkata, ya sake miƙawa. Sannan Alhaji ya ɗago ya dube shi ido cikin ido. Kalilu ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba tunda aka haife shi, ya sunkuyar da kai.

"Alhaji, ka taka hatsin mana ka turo kanka sama!" in ji Badaru daga ƙasa.

Kalilu ya rufe ido yana jiran kalmar da za ta rushe sunan gidansu.

"Ina takawa," in ji Alhaji a hankali. Sai ya ɗaga murya. "Ina takawa, nutsewa nake! Kai ba ka san tsaba ba, Badaru. In ta yi yawa ba ta takuwa."

Manoman da ke wurin suka gyaɗa kai, suka ce gaskiya ne, ɗan birni ba zai sani ba. Kalilu ya buɗe ido. Alhaji bai dube shi ba, yana ta share gumi.

Daga nan shawara ta yi yawa, kowa ya zama gwani. Samari biyu suka hau suka kama hannuwan Alhaji suka ja, ya yi ƙara ya ce za su raba shi biyu. Badaru ya ce a ɗaura masa igiya a rataya ta reshen darbejiya a ja da mota, Alhaji ya tambaye shi ko tsohuwar gaba ce tsakaninsu. Sai wani maƙwabci ya tafi gida ya dawo da dagi, ya ce abin ai mai sauƙi ne, a huda cikin rufewar daga gefe, hatsi ya zubo a tara a tabarmi, mutum ya shiga ya turo Alhaji daga ƙasa. Jama'a suka ce wannan ita ce dabara. Har an fara jawo tabarmin tarar hatsi.

Alhaji ne ya daka tsawa daga sama, rabinsa a waje, jijiyoyin wuya sun tashi.

"Duk wanda ya taɓa ginin ubana da ƙarfe, ni da shi sai gaban alƙali! Gara in kwana a nan. Gara in yi sallar idi a nan!"

Mai dagi ya ajiye dagi. Rana ta take, tumbin Alhaji ya fara kumbura, singileti ya jiƙe sharkaf. Can sai Iya ta ce da Kubura, ba tare da ta ɗago daga kaɗinta ba, a jiƙa karkashi. Aka jiƙa cikin ƙwarya har ya yi yauƙi, aka miƙa wa Kalilu. Ya zagaye tumbin ƙanensa da shi, yana turawa da yatsa ta kowane gefe.

"Yanzu ka haɗiye ciki, mu ja ka sama," in ji Kalilu.

Alhaji ya haɗiye ciki. Abin da ba wanda ya lissafa shi ne, karkashi bai san sama ba. Kafin a kama hannunsa, sai sulluɓ, Alhaji ya ɓace. Kalilu ya san irin ƙarar da buhun mutum zai yi in ya sami dandaryar ƙasa, ya kuma san duk manomin da ya ji ta ya gama sanin komai. Don haka ya kifa cikinsa a bakin rufewar, ya kwarara salati da iyakar ƙarfinsa, ya ja shi, ya ƙara ja, har kaji suka watse. Mutane suka ce kai, ashe haka Kalilu ke son ƙanensa.

"Yana lafiya?" aka tambaya daga ƙasa.

Wata murya ta fito daga ciki, a shaƙe, kamar ta mai riƙe da ƙugu. "Lafiya lau! Laushi kamar katifa! Ku tafi abinku, ina so in ɗan zauna in tuna da."

Badaru ya girgiza kai, ya ce bai taɓa ganin mai son ƙauye irin Alhaji ba. Aka kira azahar, jama'a suka watse suna dariya, kowa na ɗokin kai labari gida.

Da tsakar gida ta yi shiru, Kalilu ya ɗaga jikinsa ya leƙa. Haske ya sauka a kan Alhaji Harisu, yana zaune dirshan a ƙasa, jikinsa na sheƙi da yauƙi. A gabansa ga ɗan tsibin geron gobe a ƙasa, ko rabin ƙwarya bai kai ba.

"Yaya," in ji Harisu. Rufewar ta maimaita. Ya yi shiru yana saurare, ya sake cewa, "Yaya." Ta sake maimaitawa. "Haka take amsa min ina yaro. Daidai haka."

"Haka ne."

"Rufewar da ke cike ba ta amsawa."

"Ba ta amsawa."

"Kuma igiyar nan da Baba ke ta sassautawa…"

"Shekarar fara ce," in ji Kalilu. "Da wadda ta biyo ta. Kai kana ƙarami. Ƙuli-ƙulin da yake ba ka, na kalacinsa ne."

Harisu ya sa hannu ya rufe fuska, ya manta da abin da ke hannun, ya shafe ta da karkashi. Ya yi kuka sosai, kukan ƙato, rufewar na taya shi. Shekara da shekaru yana ba mutane labarin ranar da ta fi kowace daɗi a rayuwarsa, ashe ranar da ubansa ya fi shiga uku ce. Kalilu ya ji tausayinsa ya kama shi, ya kuma ji wani sauƙi, kamar an sauke masa dami daga ka.

Da kukan ya lafa, Harisu ya ja majina, ya gyara murya, ya koma Alhaji.

"Yaya, dama akwai wata alfarma da na zo nema, hayaniya ta sa na manta. Na sayi gero na ciyar da leburorina, sitona kuma yoyo yake. In bar shi can, ruɓewa zai yi. Ko za ka taimake ni da ajiya? Abin da gida ke buƙata a riƙa ɗiba, don kada ƙwari su samu wurin zama."

Kalilu ya dubi gindin rufewar, fayau kamar filin idi. Ya dubi ƙanensa. Ya shafa gemu.

"To, wuri ne dai babu," ya ce. "Amma tunda kai ne, zan matsa maka."

Aka tura Badaru Daura da mota, shi da samarin gidan. Bayan la'asar suka dawo da buhuna har motar na jan ciki. Kalilu ya tsaya a sama shi kaɗai, ana miƙo masa yana kwancewa yana zubawa, Alhaji na ciki yana tari yana tattakawa, yana tasowa a hankali tare da hatsin. Badaru ya tsaya riƙe da ƙugu yana mamakin yadda rufewar da ke cike take ta haɗiye buhu bayan buhu. Kalilu ya ce masa ginin mutanen da ne, albarka gare shi. Badaru ya ce lallai, siminti ba ya haka.

Da kan Alhaji ya iso baki, sai Kalilu ya sa wuƙa ya ɗan kankare gefen, yana neman gafarar Baba a zuci, aka ƙara karkashi, aka ja. Wannan karon akwai abin takawa. Alhaji Harisu ya fito duniya gero ya manne masa tun daga gira har tafin ƙafa, sai ka ce kantun riɗi. Yana sauka kajin gidan suka yi masa caa, ya zagaye tsakar gida da gudu yana ɗingishi suna bin sa, Kubura ta shige madafa ta toshe baki da gefen zane. Ya yi wanka, ya sa babbar rigarsa, ya durƙusa ya yi wa Iya sallama. Ko da suka isa mota, sai aka ji yana gaya wa Badaru cewa yau ya ji daɗin da rabonsa da shi tun yana yaro.

Kalilu ya mayar da jinkar, ya sauko, ya kwantar da tsani. Rabon da ya ji ƙafafunsa sun taka ƙasa da nauyinsu haka har ya manta. Asiri ya rufu, ba wanda ya sani sai shi da ɗan'uwansa. Ya bi ta ƙofar ɗakin Iya zai fita masallaci, yana tafe yana ɗan murmushi.

"Kai, mai gida," in ji Iya. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, kasancewarsa ɗan fari.

Ya durƙusa. "Na'am, Iya."

Tana naɗe zarenta a mazari, ba ta dube shi ba. "Gobe in za ka auna mana, ka ɗebo daga na sama. Tun kafin ruwa ya sauka nake tsince ɓarɓashin gini a cikin tsaba kafin yarinyar nan ta gani, idona ya gaji." Ta ciji zaren ta tsinke shi. "Ubanku ma shekara biyu na yi ina tsince masa. Har ya koma ga Allah bai san na sani ba."

Kalilu ya daɗe a durƙushe, har aka tayar da salla bai tashi ba.